Uwarɗaki Ta Tafi da Ƙugiyoyinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta kasa zama wuri guda, Malam Abdulmumini mai buga takardu, na bakin tasha a Gwarzo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa kawo masa rubutu ya koma da shi a buge, rasuwar kwamfutarsa wadda aka fi sani da Uwarɗaki. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, bayan jinyar kwana uku. Ta rasu tana da shekara goma sha shida a kan teburinsa, ban da waɗanda ta yi a wani ofis na ƙasar waje kafin a kawo ta gwanjo Kano, waɗanda ita kaɗai ta san adadinsu. An tambayi liman, ya ce ba a nema wa ƙarfe gafara, don haka ba za a roƙi kowa wannan ba. Abin da za a roƙa yana can ƙarshen takarda, kuma ana fatan mai karatu zai daure ya kai wurin, musamman in mutumin Durun ne. Akwai gonar wata baiwar Allah da wannan mutuwa ta bari a rataye, ga shi kuwa hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Marigayiyar mai haƙuri ce, kuma ta koya wa mai ita haƙuri ko yana so ko ba ya so. In aka danna mata maɓalli da safe sai ta ce "ƙit", ta yi shiru kamar ta fasa, sannan fankarta ta ɗauki "wuuu" a hankali. Malam yakan bar ta a haka ya je ya sayo koko da ƙosai, ya gaisa da mai faci da mai shayi, ya tambayi lafiyar iyalinsu ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya tarar tana gab da buɗe ido. Amma in ta farka ta farka ke nan. Ta sha wuta mai ƙarfi, ta sha mara ƙarfi, ta sha ta janareta mai tari, rufin shago ya yi yoyo a kanta damina guda cur, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Katin ɗaurin aure, takardar cinikin fili, wasiƙar neman aiki, jarrabawar makarantun Islamiyya, sanarwar rasuwa sama da ɗari huɗu, duk ta cikinta suka bi. Ta san wanda ya rage shekarun haihuwarsa, ta san wanda ya sa aka buga masa wasiƙar soyayya ya dawo da yamma ya ce a goge, kuma ba a taɓa jin maganar kowa a bakinta ba. Ba a ce ba ta da aibi ba. Ta taɓa haɗiye jarrabawar lissafi ta aji shida ana gobe za a yi ta, kuma in aka matsa mata da dannawa takan daskare ta zuba wa mutum ido. Malam ya yafe mata waɗannan tun tana raye.

Babban abin da za a tuna ta da shi kuwa shi ne ƙugiya. Masu ƙananan shekaru ba za su gane ba, amma lokacin da aka kawo ta, irin kwamfutocin da ke shagunanmu ba su san akwai ƙ da ɗ da ɓ a duniya ba. Wani malamin Hausa ne ya ba Malam wani faifai mai ɗauke da salon haruffa na musamman, aka zuba mata. Dabarar ita ce, akwai wasu maɓallai a gefen dama na kibod masu alamun baka da sanda, waɗanda Bahaushe ba ya komai da su. In ka taɓa su, a cikinta dai baka da sanda ta ajiye, amma abin da za ta nuna maka, ta kuma buga a takarda, harafi ne mai ƙugiya, tsaf da shi. Da wannan Malam ya yi suna. Daga Lakwaya, daga Unguwar Tudu, har daga Kabo ana tsallake shaguna uku a zo wurinsa, domin a katinsa ba a taɓa kiran manyan baƙi manyan baki ba, ba a kuma taɓa cewa wani ya shigar da kara gaban alƙali ba, sai ka ce mai shirin yin danga. Malam yana ji da kansa a kan wannan, kuma ba ya ɓoyewa.

Sai dai tunda ranar faɗin gaskiya ce, shi ma yana da nasa aibin, marigayiyar ce take rufa masa asiri. Tun yana makaranta yake haɗe "ba ta" ya rubuta "bata", kamar yadda rabin garin nan yake yi. Malamin nan da ya ba shi faifai ya yi masa magana ba sau ɗaya ba, ya ce kalma biyu ce, a raba su. Malam ya ce ina ruwansa da rabawa, ai ƙugiya ta raba gardama: in kyauta aka yi "bata" ce, in ɓarna aka yi "ɓata" ce, sai mai neman rigima ne zai ce ya ruɗe. Shekara goma sha shida yana kan wannan ra'ayi, kuma bai taɓa jawo masa ko da ƙorafi ɗaya ba.

Tafiya ɗaya tak marigayiyar ta taɓa yi kafin ta ƙarshe. Shekara goma sha uku da suka wuce, tsohon dagacin wani ƙauye a yankin Durun, Allah ya jiƙansa, ya gaji da rigimar gonaki, ya ce a tara dattawa kowa ya faɗi abin da ya sani a rubuta. Aka ɗauko Uwarɗaki a bayan a-kori-kura, an naɗe ta da bargo, janareta a gefenta. Daga hantsi har la'asar sakaliya dattawa suna magana a zaure Malam yana bugawa, shafi sittin da biyu. Da aka dawo Gwarzo aka fitar da kwafi biyu aka aika, dagaci ya sa a adaka. A shafi na arba'in da ɗaya akwai layi biyu da babu wanda ya ƙara waiwayarsu sai bana. Na farko ya ce Asta matar marigayi Salisu ta halarci zaman. Na biyu ya faɗi abin da shaidu uku suka tabbatar Mijinyawa ya yi da gonar bakin rafi shekarar ambaliya.

Mijinyawa yayan Salisu ne, mai shanu da gonaki, gonar bakin rafi kuma gadonsa ce, babu mai musun wannan. Kowa ya san shekarar ambaliya ya bar masu tifa suka yi ta kwasar yashi a cikinta har ta koma ramuka, maƙwabta suka yi ta ƙorafin ruwa yana cin nasu. Kowa kuma ya san tun daga lokacin Inna Asta, matar ƙaninsa da aka bari da marayu, ita take noma ta. Da kwando ta cike ramukan, ita da 'ya'yanta mata, da takin awaki ta dawo da ita gona, daga cikinta take ci har yau. Ita ta ce kyauta Mijinyawa ya ba ta. Bara Mijinyawa ya rasu, bana aka zo rabon gado, babban ɗansa Haidar ya ce shi aro ya sani, bai taɓa jin an yi kyauta ba. Sabon dagaci ya buɗe adaka ya tarar gara ta riga shi karanta takardun. Shaidun nan uku duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai ya aiko wa Malam cewa a sake bugo masa littafin kafin ruwa ya sauka, a san wanda zai yi shuka.

Daga nan ciwon ajali ya samo asali. Tsohuwar firinta, abokiyar zaman marigayiya, ta riga ta mutu tun kafin azumi. Malam ya sayo sabuwa, fara ƙal, aka jona, Uwarɗaki ta ƙi ko kallonta. Ya yi tunanin ɗaukar fayil ɗin a filashi ya je shagon wani ya buga, sai girman kai ya riƙe masa ƙafa. Shi Abdulmumini ne zai kai aikin dagaci shagon masu manyan baki? Ya hau babur ya tafi Kabo wurin Injiniya Taufiq mai gyaran kwamfuta, mutum mai furfura a gemu, mai kirki, wanda ba a taɓa jin ya cuci kowa ba.

"Malam, ba laifin firinta ba ne," in ji Injiniya bayan sun gama gaisawa. "Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar nan taka ai ta yi ritaya tuntuni, masu ita ma sun daina kula ta. Ko dai a yi mata ofgired a zuba sabuwa, ko ka mayar da firinta cikin kwalinta."

"Tsohuwa ce fa, Injiniya. Za ta ɗauka?"

"Da ƙyar. Amma in ta ɗauka za ka ga haske. Intanet, fom ɗin makarantu, komai zai buɗe maka."

Kwana biyar Malam yana juya maganar nan a ransa. Kada a yi masa kara a ce dagaci ne kaɗai ya tura shi, shi ma yana da nasa kwaɗayin. Shekara nawa yana korar masu cike fom zuwa shagon maƙwabci, yana cewa shi ba aikinsa ba ne, alhali Uwarɗaki ce ba ta iya buɗe shafin? Sau nawa ya leƙa allon kwamfutar wasu ya ga yana sulɓi kamar an shafa masa mai, ya dawo ya kalli tasa ya ji kunyar abin da ya raya? Da safe sai ya ce dole a yi, zamani ba ya jiran kowa a tasha. Da azahar sai ya ce wanda ya yi maka shekara goma sha shida ba a sauya masa ƙwaƙwalwa don wata firinta ta jiya. Sau uku ya ɗauko bargo daga gida ya naɗe ta, sau uku ya kwance. A na huɗu maiɗakinsa Naja'atu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ko dai ka kai ta ko ka dawo mini da bargona." Ranar Laraba ya ɗaure ta a bayan babur.

Injiniya ya yi aikinsa bisa ƙa'ida. Ya fara kwashe fayil-fayil ɗin ya ajiye a wurinsa, sannan ya ce a ba shi filashi mai faɗi da zai ɗora sabuwar manhajar a kai, nasa yana hannun wani. Malam ya zaro nasa daga aljihun gaba ya miƙa. A cikinsa yake ajiye kwafi na biyu na duk abin da ya taɓa bugawa. Bai san kafin a ɗora sabuwar manhaja sai an share filashi ƙal ba, Injiniya kuma bai san Malam bai sani ba. Aka kira azahar, Malam ya tafi masallaci, daga can ya biya wurin mai shinkafa da wake. Rabin sa'a ke nan ko fiye kaɗan, kuma ita ce rabin sa'ar da yake ta lissafawa tun ranar. Sabuwar manhaja ba ta san tsohon salon haruffan nan ba, don haka da Injiniya ya buɗe fayil ya gwada, sai ya ga baka da sanda sun cika rubutun, duk inda ƙugiya take. Mutumin kirki ne, sai ya ga bari ya taimaka.

"Na yi maka wani gyara kyauta, Malam," ya ce yana murmushi. "Fayil ɗinka duk sun cika da baka-baka, na mayar maka da su k da d da b. Fayil dubu biyu da wani abu, cikin minti huɗu."

"Ƙugiyoyin fa?"

"Ai kowa haka yake rubutu yanzu a waya, mai karatu yana ganewa. In kana so, sabuwar tana da nata, na asali ma. Sai ka bi a hankali ka sa."

Malam ya lallashi kansa a hanya cewa wanda ya san Hausa ya san mazaunin ƙugiya ko an ɗauke ta. Ranar Alhamis da safe ya jona sabuwar firinta, kuma a faɗi gaskiya, kafin kokonsa ya huce ta zubo shafi sittin da biyu. Ya buɗe na arba'in da ɗaya ya karanta: "Asta matar marigayi Salisu ta halarci zaman. Shaidu uku sun tabbatar Mijinyawa ya bata gonar bakin rafi shekarar ambaliya."

Ya karanta a zaune, ya miƙe ya karanta a tsaye, ya fita waje ya ɗaga takardar saitin rana kamar ƙugiya za ta fito ta baya. In asali babu ƙugiya, Mijinyawa ya ba ta gonar ke nan, Inna Asta ta zo zaman ne don a shaida kyautar. In akwai ƙugiya, Mijinyawa ya ɓata gonar da tifofinsa, ita kuma ta zo cikin masu ƙorafi tunda gidanta yana kusa. Duka biyun sun zauna daram. Wani mai wayo zai ce a bar takarda yadda take, ai babu ƙugiya, ta Inna ce. To amma a shafin nan ɗin ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, duk wanda ya iya karatu zai gane an aske littafin ne gaba ɗaya.

Tun daga wannan safiya Malam bai ƙara zama ya cika kujera ba. Sau uku ya koma Kabo cikin kwana biyu. Injiniya ya kwance filashi ya bincika, ya tono nasa rumbun ajiya ya tarar na can ɗin ma gyaran ya bi ta kansu, ya buga wa wani abokinsa waya a Kano, ƙarshe ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka yafe mini, na zaci alheri na yi." Malam ya ce ya yafe, kuma ya yafe, domin ya san wanda ya ƙi raba kalma biyu shekara goma sha shida. Ya dawo ya matsa wa kansa da tuna ranar zauren. Ya tuna zafin da aka yi, ya tuna warin hayaƙin janareta, ya tuna akuyar da ta shigo ta taka waya, har furar da aka kawo masa a ƙwarya ya tuna. Kalmar ce dai bai tuna ba. Mai buga rubutu yatsunsa ne suke saurare, shi kansa yana can yana tunanin ko man janareta zai kai.

Ita kuwa marigayiya tun ranar da aka dawo da ita ba ta ƙara lafiya ba. Muryarta ta sauya, "wuuu" ɗin nan mai sanyi ya koma "gurrr" kamar injin markaɗe. Wani ɗan zobe yakan fito a allo ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, mutum ya rasa ko aiki take yi ko suma. Jikinta ya ɗauki zafin da zai ɗumama tuwo. Malam ya kunna mata fankar shago, ya ɗaga ta ya ɗora a kan bulo biyu don iska ta ratsa, ya zauna, ya tashi, ya buɗe ƙofa, ya rufe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Haidar ya zo. Da ma a ce mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. Ya tsuguna ya gaida Malam, ya tambayi gida da aiki da zafi, sannan ya ce, "Malam, ni ba rigima nake nema ba. Inna Asta ita ta goya ni. In Baba ya ba ta, wallahi ko ciyawar gonar ba zan taɓa ba. Amma mu goma sha ɗaya ne magada, wasu ko wayo ba su yi ba, ba ni da ikon yin kyauta da haƙƙinsu. Ka faɗa mini abin da ka rubuta kawai, na yarda da kai."

Da ya tafi Malam ya buɗe shafin a allo, ya kai alamar rubutu tsakiyar kalmar, ya danna tazara. Ta zama "ba ta". Dannawa ɗaya, gona ta zama ta Inna Asta, kuma babu mahaluƙin da zai sani. Ya goge. Ya sa ƙugiya, sabuwa, ta asali, mai kyau kamar yadda Injiniya ya faɗa. Ya goge. Ya sake sa tazara ya zuba mata ido har aka kira la'asar. Ransa yana so ta zama tazara, yana so ƙwarai, kuma wannan son ne ya sa ya kasa yarda da kansa. Ya goge ya kashe ta. Washegari da hantsi ya danna maɓalli, ta ce "ƙit", ta ƙara cewa "ƙit", abin da ba ta taɓa yi ba, sai aka ji "tas" da warin ƙonanniyar waya. Ya aika wa dagaci cewa littafi ya fito amma layin da ake nema ba ya shaidar kowa, dagaci ya ɗage zama zuwa Alhamis mai zuwa, ya ce daga ita ba zai ƙara ba.

Masu zuwa gaisuwa kusan duk tambayarsu ɗaya ce: to Malam, sabuwar manhajar nan ta fi, mu ma mu yi? Amsarsa ta danganta da lokacin da aka same shi. In da safe ne zai ce ta fi nesa ba kusa ba, ya ga firinta ta yi aikin yini a ƙiftawar ido, ya ga ƙugiyar da za ka aika wa mutum a Legas ya buɗe ya same ta yadda take, abin da tsohuwar ba ta taɓa iyawa ba. In da rana ne zai ce an ɗora wa tsohuwa kayan da sai matashiya, duk mai kwamfuta irin tasa ya saya sabuwa ko ya haƙura. In da yamma ne sai ya ce manhajar ba ta yi komai ba, shi ne ya miƙa filashi da hannunsa, shi ne ya tafi cin shinkafa da wake. Abu ɗaya ne bai sauya baki a kansa ba: duk mai niyya ya fara fitar da takardunsa masu muhimmanci a buge, ya ajiye kwafi inda Injiniya ba zai gan shi ba, kuma ya zauna a wurin har a gama, ko da yunwa za ta kashe shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar kibod guda, wanda maɓallansa na gefen dama suka goge har ba a ganin alamunsu. Ta bar maus mai ɗingishi, da allo mai lafiya wanda bai san an yi mutuwa ba, da sabuwar firinta da aka yi duk wannan dominta, tana nan a lulluɓe babu mai yi mata magana. Ta bar fayil dubu biyu da ɗari da sha bakwai, marayu, askakku, suna riƙo a wurin Injiniya. Faifan da aka zuba mata haruffa tun farko, an bincika, yana rataye a gonar surukin Malam yana korar tsuntsaye. Ta kuma bar mai ita, wanda ya rubuta wannan sanarwa da biro, ya raba kowace "ba ta" da tazarar da akuya za ta wuce.

Ranar Lahadi Inna Asta ta shigo shago da sandarta. Labari ya kai Durun cewa uwarɗakin Malam ta rasu, ta zaci mutum ce, ta biyo mota takanas.

"Malam, ya muka ji da haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya ba da dangana."

Ya amsa, ya shimfiɗa mata tabarma, ya nuna mata gawar a kan bulo, ya yi mata bayanin komai. Ba ta yi dariya ba. Ta ce a nuna mata kalmar, ya nuna, ta ɗora yatsa a kanta ko da yake ba ta karatun boko.

"Ba kai ka rubuta ba?"

"Ni ne, Inna."

"To me ka rubuta?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta janye hannunta daga takardar. Sannan ta ce, "Kada ka sa abin da ba ka ji ba don kana jin tausayina. Ba na son tuwon da zan yi bayaninsa a kabari." Ta miƙe, ta ƙi karɓar kuɗin mota.

Bayan fitarta Malam ya lura da wani abu. Mako biyu dagaci yana cigiyar wanda ya halarci zaman nan, babu wanda ya fito, kowa yana gudun shiga tsakanin dangi. Amma da aka ji an yi mutuwa, cikin kwana biyu mutum goma sha tara suka zo gaisuwa, huɗu daga Durun. Mutanenmu suna iya ƙin amsa kiran shaida, amma ba sa ƙin zuwa jana'iza. Dalilin wannan takarda ke nan, kuma Malam ba ya jin kunyar faɗa.

Saboda haka, za a yi jana'izar Uwarɗaki ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ƙofar zauren dagaci, inda za a kai ta cikin kwali. Ba salla, ba wanka, ba a buƙatar goro ko hatsi. Bayan an tashi za a dawo da ita Gwarzo a ɗora a saman kabad, kuma ana roƙon 'yan gwangwan su yi wa Allah kada su zo taya ta. Waɗanda ake so su halarta su ne duk wanda ya zauna a zauren nan shekara goma sha uku da suka wuce, ko ya tsaya a bakin ƙofa, ko ya leƙa ta taga, da matan da suka kawo ruwa suka tsaya bayan zana, da direban a-kori-kura in yana raye. A takarda ne ɓ da b suke rikicewa, kunnen Bahaushe bai taɓa haɗa su ba. Wanda ya ji abin da shaidun nan suka ce ya zo ya faɗa yadda ya ji, ko wa zai yi wa daɗi. Haidar ya ce ya amince, dagaci ya ce in babu wanda ya zo gona za ta shiga gado.

Inna Asta ta ce ita za ta riga kowa zuwa. Irin dawarta yana ɗaure a bakin zanenta tun makon jiya. In an ce tata ce, daga zauren gona za ta wuce ta yi shuka. In an ce ba tata ba ce, nan ma gonar za ta wuce, akwai fartanyarta a gindin ɗorawa, ba ta so a raba gado da ita.